Asid mai kauri da tsinkakke: wanne ya fi sauri, wanne ya fi ba da iska?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya tambaya: idan aka ninka kaurin asid (wato yawansa a cikin ruwa), yawan iskar haidirojin da ke fita sa'ad da yake cin ƙarfen magniziyam ne zai ninku, ko saurin fitarta? Ɗan'uwa, abu biyu ne daban, kuma kwalba biyu sun isa su raba gardama.

A ta farko zuba 50 cm³ na asid haidirokulorik (HCl) mai kaurin 1.0 mol/dm³ (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne, dm³ kuma lita ɗaya). A ta biyu zuba 25 cm³ na tataccen ruwa, ka ɗora 25 cm³ na asid ɗin a kai, ya koma 0.5 ke nan. Kowacce ka jefa mata zaren magniziyam mai nauyin giram 0.06, ka toshe bakin, tiyo ya kai iskar cikin sirinji, kana karantawa duk daƙiƙa 10.

Ta farko nan take za ta hau tsiyayar kumfa, zaren na zagaye a saman ruwan har ya ɓace. Ta biyu sai ta ja lokaci. Dalili: a kowane ɗigo na mai kaurin, ƙwayoyin H⁺, wato ƙwayoyin asid da ke cin ƙarfen, sun ninka na tsinkakken, don haka sun fi yawan cin karo da jikin ƙarfen a daƙiƙa guda. Ƙarfin karon bai canja ba, wannan aikin zafi ne; yawansa ne ya ƙaru.

Amma duba inda sirinjin biyu suka tsaya: kusan 60 cm³ kowanne. Giram 0.06 mol 0.0025 ne, kuma mol 0.005 na asid kawai yake buƙata. Ko tsinkakken yana da 0.025, ninki biyar. Magniziyam ne ya ƙare, shi ya yanke yawan haidirojin. Da 5 cm³ kacal na mai kaurin ka zuba a kwalba ta farko, 5 cm³ na tsinkakken a ta biyu, da labari ya sha bamban: mai kaurin ya ba da 60, tsinkakken 30 ya bar ragowar zare.

Kada kuma a haddace cewa ninka kauri kullum ninka sauri ne. Gwaji ke nuna wannan. A haɗuwar iskar NO (naitirojin monoksaid) da iskar oksijin, ninka NO na ƙara sauri sau huɗu. A haɗuwar ayodin da asiton cikin asid, ninka ayodin ba ya ƙara komai.

Inda ake yawan ɓata gwajin shi ne zaren. Wanda ya daɗe a ajiye yakan yi dusu-dusu, kuma asid sai ya cinye wannan fatar kafin ya kai ga ƙarfe, sai farkon ya yi nawa. A kankare shi da sanfefa har ya yi ƙyalli, sannan a auna. Jinkirin toshe baki kuwa mai kaurin ya fi cuta, domin iskarsa a farko take ɓarkewa. Haɗuwar tana fitar da zafi ma, zafi kuwa yana ƙara sauri, shi ya sa aka fi son ruwa mai yawa kamar 50 cm³ da ba ya saurin ɗumama, kuma kwalaben biyu su tsaya cikin roba ɗaya ta ruwa.