Sharhi kan maganin SDF na ruɓewar haƙoran yara

SDF (silver diamine fluoride) mai ƙarfin kashi 38 ruwa ne mai ɗauke da azurfa da sinadarin fuloraid, wanda likita ke shafawa a ramin haƙorin yaro, babu allura, babu injin haƙa. Ana share tarkacen abinci, a kare leɓe da dasashi da baselin da auduga, a busar da haƙorin, a shafa da ɗan buroshi, a jira minti guda. Ɗigo ɗaya kan wadatar da haƙora biyar. Azurfar ciki tana kashe ƙwayoyin cuta, fuloraid yana ƙarfafa haƙori, yaro ya koma cin abinci da barci lafiya. Ana maimaitawa bayan wata shida.

Aibinsa: wurin ruɓar yana yin baƙi ƙirin, ba ya fita, a haƙoran gaba iyaye kan yi tsaki. Idan ruɓa ta kai jijiya ko dasashi ya yi ƙurji, bai dace ba.