"Me ya sa?" ko "Yaya abin ya kasance?"

Ana yawan tambayata wacce ta fi dacewa idan mutum ya zo da damuwa: "Me ya sa ka yi haka?" ko "Yaya abin ya kasance a wurinka?"

Ta farko ba ta cin lokaci. Sai dai mai ƙunci yakan ji ta kamar tuhuma, ya shiga kare kansa, ya ɓoye rabin labarin.

Ta biyu tana buƙatar haƙuri. Za ka yi shiru, ka saurari abin da wataƙila ba ka yarda da shi ba, ka danne sha'awar ba da shawara, wanda shi ne mafi wuya a ganina. Amma ribarta na daɗewa, domin wanda aka saurara babu zargi yakan dawo. A 1957, Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya lissafa tausayawa da karɓar mutum ba sharaɗi cikin abubuwan da ke taimaka masa ya canza.

Ta farko ta dace da mai binciken kuskure a wurin aiki, ko aminan da suka yarda da juna. Ta biyu kuwa ta mai son ɗansa ko matarsa su saki jiki su yi magana ce.