Na fara da akwati kafin in taɓa jirgi

Ranar da kwalin ya iso, uwargida ta tsaya bakin gareji tana kallona ina zaro 'yan fallayen alminiyam da ƙullin ƙananan ƙusoshi. Ta ce, "Malam, wai wannan ne jirgin da ka ishe mu da zancensa?" Na ce mata akwati ne. Ta koma ciki tana dariya.

Akwatin ne kuwa, na zuba kayan aiki. Kamfanin Van's Aircraft da ke Aurora a jihar Oregon ne ke sayar da shi a warwatse, don mai sha'awar haɗa jirgin sama a gida ya gwada hannunsa kafin ya narka dukiya. Kuɗinsa bai kai dala 100 ba.

Ba haka kawai na zaɓi kamfanin ba. A Kaduna na tashi, wajen Kawo, kuma muna yara mun sha ɗaga kai muna kallon 'yan ƙananan jiragen horon sojan sama da ake kira Air Beetle. Sai da na zo Amurka na gane ashe samfurin RV-6A ne na Van's aka yi wa kwaskwarima, guda 60, kuma a Kaduna aka harhaɗa su. Tun daga ranar abin ya shiga raina: abin da aka ɗaure a garinmu, me zai hana ni ɗaure shi a garejina?

To, akwatin ya ba ni amsa, kuma bai yi mini kara ba.

Fallayen suna zuwa da hujinsu, ramuka suna haɗuwa daidai ba sai ka ja ba. Za ka kama su da Cleco, wasu 'yan maƙalai na wucin gadi, ka bi ramukan da bakin diril mai lamba 40 ko 30 gwargwadon kaurin ribit, wato 'yar ƙusar da ake baje gindinta ta riƙe fallaye, ka warware komai, ka kankare kaifin bakin kowane rami ciki da waje, ka lotsa waɗanda kan ribit ɗinsu zai shafe, sannan ka sake haɗawa. Buga ribit ɗin kansa shi ne ƙaramin aiki a ciki. Wannan kankara kuwa, ita ke gwada haƙurin mutum.

Bugun kamar na maƙera ne, sai dai uwar maƙerar a tafin hannunka take. Bindigar iska a gefe guda, dunƙulen ƙarfe a ɗaya gefen, ƙusar tana bajewa a tsakani. Ƙa'idar ita ce gindin da ya baje ya kai faɗin ƙusar sau ɗaya da rabi, tsayinsa kuma rabin kaurinta. A takarda abu ne mai sauƙi. A bugu na uku na cika wa bindigar iska, ta zame, ta bar wani lanƙwasasshen tabo a kan ribit ɗin. Masu wannan aiki a nan murmushi suke ce wa tabon, ni dai ban yi ba. Na ce bari in cire, diril ya kauce, ramin ya zama kamar ƙwai. Da a fiffike ne, da fallen ya tashi aiki.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne daga reshen ƙungiyar EAA na yankinmu, ƙungiyar masu haɗa jirage da aka kafa a 1953, mai babban taron jirage a garin Oshkosh duk watan Yuli. Suna da masu ba da shawara kyauta. Ya zo wata Asabar, ya shafa layin ribit ɗina da babban yatsa idonsa a rufe, ya tsaya cak a kan guda biyu. Sauran da nake jin kunyarsu ya ce in bar su, domin ribit mai ɗan muni ya fi ramin da aka ɓata wajen cire shi. Ya nuna mini yadda ake huda kan kawai, a ɓalle shi da tsinken ƙarfe, sannan a turo gindin. Abin da na yi sati ina kallo a YouTube ban gane ba, cikin minti goma ya zauna mini.

Wanda zai saya ya sani, akwatin ne mai araha, kayan aikin ba haka ba. Kwamfiresa, bindiga, diril na iska, matsi na hannu mai baje ribit, Cleco masu yawa, duk naka ne. Na yi wayo na sayi matsi mai arha a wani shago, bakinsa ya buɗe tun a rana ta biyu, na sake saye. Araha ba ta ado. Ga ƙara kuma; bayan ƙarfe takwas na dare ba na kunna kwamfiresa saboda maƙwabta.

Yanzu lissafin ya fito mini fili. Dokar FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, ta ce mai haɗawa ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa, abin da ake kira kashi 51, ya kuma ajiye hotuna da bayanin aikin don ranar dubawa. Jirgi mai kujera biyu yana cin ribit sama da dubu goma da kimanin awa 2,000. In ina samun awa goma a mako, shekara huɗu ke nan, ban da kuɗin inji da farfela. Akasari da wutsiya ake farawa, ita ce mai sauƙin kuɗi.

Ban yi odar wutsiyar ba tukuna. Na yi odar ɗaya kayan gwajin nasu, mai siffar ɓangaren fiffike, dattijon ya ce zai dawo ya sake shafawa. Akwatin kuwa murfinsa ya ɗan karkace ta hagu, laifin hannuna wajen ɗaura hinji, amma yana rufuwa. Na zuba Cleco a ciki kwana biyu, a rana ta uku na tarar da su a robar wanki, zare da almakashin uwargida sun tare.