Gargaɗi ga masu neman karen gadi: 'yan damfarar Boerboel sun shigo

'Yan uwa na Garwa, Marwa da Ngaundere, a yi hattara. Tun da satar shanu da garkuwa da mutane suka sa masu garke da masu gonaki neman manyan karnukan gadi, wasu marasa tsoron Allah suka buɗe kasuwa a Facebook da WhatsApp, suna tallar 'yan kwikwiyon Boerboel da ba su taɓa riƙewa a hannu ba.

Boerboel karen Afirka ta Kudu ne, manoman can suka raine shi don tsaron gida da gona. Gashinsa gajere ne, kansa faffaɗa, ƙirjinsa cike, yawanci ja-ja ko ruwan ƙasa da baƙin baki, namiji kan haura kilo 60 idan ya ƙosa. Cinsa da yawa, maganinsa da tsada, don haka mai kiwonsa na gaskiya ba ya sayar da ɗansa da arha. Duk wanda ya kira maka farashin banza, da walakin goro a miya.

Ga yadda suke yi. Za su turo maka hotuna masu kyau da suka kwaso a intanet, su ce karen yana Duwala ko Yawunde, saura guda ɗaya, wani Alhaji ma yana nema. Su ce ka tura kafin alƙalami ta Orange Money ko MTN MoMo. Washegari wani ya bugo, wai shi ne mai sufuri, an tsare karen a tasha sai an biya kuɗin keji. Ka biya, a ce saura inshora. Ranar da ka ce kuɗi sun ƙare, ranar lambar za ta mutu.

Akwai kuma waɗanda suka fi ba ni haushi, masu kawo kare har ƙofar gida. Kwikwiyon unguwa ne aka yanke wa wutsiya, cikinsa ya kumbura da tsutsa, a ce maka ƙiba ce. Katin rigakafin da ke tare da shi an cike shi da biro, babu tambarin likitan dabbobi, babu 'yar takardar kwalbar allura da ake mannawa. Wannan ya wuce asarar kuɗi, domin ciwon haukan kare yana kisa, kuma yaranmu ne ke wasa a tsakar gida.

Kada ka biya ko sisi sai ka ga uwar da idonka, 'ya'yan na tare da ita. Ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8, allurar haukan kare kuma sai ya kai wata 3, don haka katin da ya nuna an yi wa ɗan wata guda ita ƙarya ce. Idan nesa ne, a kira ka ta bidiyo kai tsaye, ko ka tura ɗan uwanka ya je gidan. Wanda aka riga aka cuta ya adana saƙonnin da lambar da ya tura wa kuɗi, ya kai wa jandarma ko 'yan sanda.