Zumuntar ɗalibai ta SCM a Birtaniya: wurin da ba a tsoron tambaya

Na taso a cikin zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS (Fellowship of Christian Students), wadda aka kafa a Gindiri a 1957, saboda haka da na je karatu Birtaniya abin da na fara nema shi ne inda ɗalibai Kirista suke taruwa a tsakiyar mako. Haka na sami reshen Student Christian Movement, wato SCM, kuma na shafe zangon karatu biyu ina halarta kafin na ga ya dace in faɗi ra'ayina.

Ƙungiyar tsohuwa ce ƙwarai. Tushenta yana komawa 1889, kuma tana cikin tarayyar ɗalibai Kirista ta duniya da aka kafa a Vadstena ta ƙasar Suwidin a 1895, wadda John Mott, da ya sami lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 1946, ya kasance cikin jagororinta. Tun a 1910 ƙungiyar ɗalibai Kirista ta jami'ar Kambirij ta janye daga SCM saboda saɓani kan matsayin Littafi Mai Tsarki da koyarwar gicciye, kuma wanda ya san wannan tarihi zai gane dalilin da ya sa har yau ake kallonta a matsayin gidan masu sassaucin ra'ayi.

Taron da kansa ba shi da hayaniya. Ana jera kujeru a da'ira, a ajiye shayi da biskit a tsakiya, sannan ɗalibi ɗaya ya karanta nassi, domin ɗalibai ne suke ja gora, limamin jami'a kuwa yakan zauna ya saurara kamar kowa. Ranar da ba zan manta ba ita ce wadda muka karanta labarin Toma, almajirin da ya yi shakkar tashin Yesu daga matattu, a Yohanna sura 20. Wata 'yar'uwa ta riƙe kofin shayinta da hannu biyu, ta ce ta yi wata uku ba ta iya yin addu'a ba tun rasuwar mahaifinta, kuma ba ta da tabbacin ko ana jin ta. Na zuba ido in ga wanda zai yi mata gyara. Babu wanda ya yi. Aka yi shiru na ɗan lokaci, sai wani ya tuna mana cewa Yesu bai kori Toma ba, hannuwansa ya nuna masa. Mako na gaba ta dawo, kuma ita ce ta buɗe mana taro da addu'a. A ganina wannan shi ne babban abin da zumuntar take bayarwa, domin matashin da aka hana shi tambaya a ikilisiya yakan tafi da tambayarsa waje, sau da yawa kuma ba ya dawowa.

Suna ɗaukar batun adalci da muhimmanci, musamman talauci da 'yan gudun hijira da sauyin yanayi, kuma ana zama tare da 'yan Katolika da Angilikan da Metodis ba tare da an tambayi ɗarikar kowa ba.

Akwai abin da ya kamata mai zuwa daga gida ya sani tun da wuri. Ƙungiyar ta fito fili ta ce tana karɓar masu neman jinsi ɗaya a matsayin cikakkun mambobi, matsayin da ya saɓa wa koyarwar yawancin ikilisiyoyinmu, kuma wanda abin zai dame shi gara ya san da shi kafin ya shiga. Haka nan wanda ya saba da ganga da raira waƙa da ƙarfi da wa'azi mai yanke hukunci zai ji kewarsu, kamar yadda ni ma na ji. Shi ya sa ban bar sujadar Lahadi a ikilisiyata ba, amma duk ɗalibin da ya zo mini da nauyin shakka a zuciya, wannan da'irar kujeru nake kai shi.