Baje kolin kimiyyar muhalli: teburin ƙasa ya biya ni, lacca ta gajiyar da ni

Da farko ban yi niyyar zuwa ba. 'Yata ce, mai shekara 11, ta dawo daga makaranta da wata takarda, wai ɗaliban jami'a da malamansu za su yi baje kolin kimiyyar muhalli albarkacin Ranar Muhalli ta Duniya, wadda ake yi duk 5 ga Yuni, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa. Na ce mata za mu gani. Ta san abin da "za mu gani" ke nufi a bakina, sai ta manna takardar a ƙofar ɗakina. Haka na tsinci kaina a zauren da hantsi, tana jan hannuna.

Tebura ne jere, kowanne da mai bayani a tsaye. Inda muka fi daɗewa shi ne teburin ƙasa, wanda ba shi da wani kayan a zo a gani. Robobin ruwa uku ne aka yanke musu gefe, aka kwantar da su a ɗan karkace. Ta farko ƙasa ce zalla, ta biyu an lulluɓe ƙasar da busassun ganye, ta uku kuwa ciyawa ta tsiro a kai. An rataya kofi a bakin kowacce. Wani saurayi ya miƙa wa 'yata buta, ya ce, "Ƙanwata, yau ke ce ruwan sama. Zuba musu daidai wa daida, kada ki yi son kai."

Kafin ta ɗaga butar daga robar farko, kofin ya cika da ruwa jawur, taɓo ya kwanta a gindinsa. Na biyun ya fito da ɗan dauɗa. Na ukun sai da muka jira, yana ɗiga ɗis-ɗis, kuma kusan garau. Saurayin bai yi gaggawar magana ba, ya ce ta tumɓuko ciyawa guda. Ta tumɓuko, sai ga saiwoyi riƙe da dunƙulen ƙasa, ta girgiza ya ƙi zuba. Sannan ne ya yi bayani: ɗigon ruwa idan ya bugi ƙasa tsirara tarwatsa ta yake yi, ganye ne ke tare bugun, saiwa kuma ta ɗaure ƙasar ta buɗe wa ruwa hanyar shigewa ciki. Ya nuna taɓon kofin farko, ya ce wannan ita ce ƙasar sama da shuka ke ci, kuma kaurin yatsa ɗaya nata kan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya samu. Na sha jin kalmar zaizayar ƙasa a rediyo, amma ranar ce na fara ganinta a cikin kofi.

Teburin iska ma ya yi. Wata ɗaliba na da 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, mai auna ƙurar da ido ba ya gani, wadda ake kira PM2.5. Ta ce faɗin ƙwayarta bai wuce maikromita 2.5 ba, alhali silin gashin mutum ya kai kusan 70, shi ya sa take wuce hanci ta sauka can cikin huhu. Ta ƙyasta ashana nesa kaɗan da na'urar, ta hure. Hayaƙin ya ɓace daga idonmu, amma lambar da ke fuskar na'urar ta ci gaba da hawa, ta jima kafin ta sauko. A allon da ke bayanta an rubuta iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, wadda bai kamata ƙurar ta wuce ba: maikrogiram 15 a kowace kyubik mita ta iska a matsakaicin awa 24, da 5 a matsakaicin shekara. Akwai kuma wani ƙaramin janareta na murzawa da hannu, inda yara ke gwada kunna tsohon kwan fitila da na LED. Tsohon sai ka yi gumi. Layi ya yi tsawo, muka wuce.

Sai aka buga lasifika cewa kowa ya zauna, za a fara lacca, aka rufe tebura. A nan ne suka yi kuskure, a ganina. Malamin ya san karatunsa, ba na ja. Amma rubutun da majigi ke haskawa ƙanana ne, ya cika allo, kuma ya yi ta ambaton ppm bai taɓa faɗin cewa kashi ɗaya cikin miliyan ake nufi ba. Ya nuna zanen awon kabon dayoksaid, iskar nan mai ɗumama duniya, wanda masanin kimiyya Charles Keeling ya fara a dutsen Mauna Loa na Hawayi a 1958, lokacin tana wajen kashi 315 cikin miliyan, yanzu ta haura 420. Ya wuce shi kamar wanda ake kora. Yara sun fara mutsu-mutsu, iyaye na zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai a lokacin tambayoyi wata dattijuwa ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, layin nan da ke hawa, me ya sa yake yin haƙoran zarto?" Nan take mutumin ya sake. Ya ce numfashin tsirrai ne: yawancin ƙasa da dazuzzukan duniya a arewacinta suke, idan suka yi ganye sai su shanye iskar, layin ya sauka, idan ganye ya zube ya ruɓe sai ya sake hawa, kowace shekara. 'Yata ta taɓa ni, ta ce, "Baba, ashe duniya ma tana numfashi?" Da wannan ya kamata ya buɗe laccar, amma ya zo bayan rabin kujeru sun zama fanko.

Wani abin da ya ba ni dariya, ya kuma ɗan ɓata mini rai: a taron da aka yi ta wa'azi kan illar roba, ruwan roba aka raba wa kowa. Kwandunan shara uku ne a bakin ƙofa, masu launi daban-daban, babu wanda aka rubuta wa abin da za a zuba a ciki. Kafin a tashi duk sun zama ɗaya.

In sun sake shiryawa zan koma, amma zan je da wuri, in tafi da gorata, in ƙare da tebura kafin a taɓa lasifika. Sun kuma ajiye rajista ga masu son aron na'urar auna iska na mako guda. Na rubuta sunana da lambata, yau sati uku ke nan ba wanda ya kira. 'Yata dai ba ta jira su ba. Ta kwaso robobi uku daga kwandon nan, ta sa na yanke mata su, yanzu suna jere a bakin taga. Ciyawar ta ukun ta fara leƙowa, kuma an gargaɗe ni kada in kuskura in zuba ruwa kafin ta yi saiwa.