Tantance kati a PSA: me kuɗinka ke saya, me ba ya saya

PSA kamfani ne da ke Kalifoniya a Amurka. Tun 1991 yake karɓar katunan da ake tarawa masu hoton 'yan wasa, ya duba ko na gaske ne, ya ba su maki daga 1 zuwa 10, sannan ya rufe kowanne a gidan roba mai ɗauke da lambar shaida. Katin da ke gidan PSA ya fi saurin samun mai saya, wannan kuwa babu gardama. Wajen tabbatar da asalin kati da adana bayanansa, aikinsu ya ci kuɗinsa. Inda mutane ke tafka asara shi ne zaton cewa maki 10 na mayar da kati abu mai wuyar samu.

Abubuwa huɗu ake dubawa: zaman hoton a tsakiya, kusurwoyi, gefuna, da fuskar katin. Na farko kai ma za ka iya aunawa da rula kafin ka biya ko sisi. Idan farin layin hagu milimita 2.2 ne, na dama 1.8, ka samu 55/45, wanda shi ne wajen iyakar da ake karɓa a gaban kati mai maki 10. A bayan kati ana ɗaga ƙafa har 75/25. In ka ga 2.6 da 1.4, kada ka sa rai da goma. Fuskar kati ce ke yaudarar mutane, musamman masu ƙyalli irin Prizm da Topps Chrome. Karkata katin a ƙarƙashin fitila guda mai ƙarfi, ka juya shi a hankali. Siririn layin da injin bugu ya bari, ko ɗan lotsawa kamar tsinin allura, ba sa fitowa idan ka kalle shi kai tsaye, amma mai tantancewa zai gan su. Yawancinsu daga masana'anta suke zuwa, saboda haka katin da aka ciro daga fakiti yanzu-yanzu yana iya tashi da 8.

Wajen aikawa, a sa kati a leda mai laushi, a zura shi cikin gida mai lanƙwasuwa irin Card Saver 1, a jera su yadda suke a takardar oda, a haɗa su tsakanin kwali biyu. Kada a manna salatif a bakin gidan, kuma kada a matse da roba har gefe ya lotsa. Kuɗin aiki mataki-mataki ne, gwargwadon darajar da ka ce katin zai yi bayan an ba shi maki. Idan ya fito da daraja sama da matakin da ka zaɓa, za a ƙara maka kuɗi kafin a sako shi. Jiran ma ba shi da tabbas: a ƙarshen Maris na 2021 katuna sun yi musu yawa har suka dakatar da karɓar yawancin oda na tsawon watanni.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maki guda tak da ake bugawa a gidan katin. Beckett, wani kamfanin tantance kati, na ba da maki daban ga kowane ɗaya daga abubuwa huɗun nan, mai saye ya san inda aibin yake. A PSA maki ɗaya kawai za ka gani, misali 9. Babu kuma 9.5, alhali tsakanin 9 da 10 ne farashi ke ninkawa. Su ma ba ma'asumai ba ne: katin farko da suka tantance, tsohon katin ɗan wasan baseball Honus Wagner na jerin da ake kira T206, maki 8 suka ba shi, daga baya dillali Bill Mastro ya amsa a kotu cewa ya datse gefunansa.

Mafi amfanin abin da PSA ke da shi kyauta ne, wato rahoton yawan katunan da suka tantance, wanda ke nuna kwafi nawa ne na kowane kati suka samu kowane maki. A nan ake gane bambancin ƙarancin bugu da ƙarancin lafiyayyen kwafi. Katin Wagner da kansa ne ya yi ƙaranci. 'Yan gomomi ne aka sani a duniya, shi ya sa ko yamutsattse ya kai miliyoyin daloli. Katin ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan na kamfanin Fleer na 1986 kuwa an buga shi da yawa, amma ɗari uku da 'yan kai ne suka samu 10, domin jan gefensa ba ya ɓoye ko ƙanƙanin gogewa. A farkon 2021 an sayar da mai maki 10 a kan dala 738,000. Sai kuma katin ɗan ƙwallon kwando Luka Dončić na Prizm na 2018: masu maki 10 sun haura dubu goma nesa ba kusa ba, kuma da zazzabin kasuwa ya sauka farashinsa ya zube. Sabon kati kowa na adana shi tun ranar farko, don haka goma a wurinsa ba abin mamaki ba ne.

Rahoton yana da giɓi biyu. Ba ya ƙirga katunan da ba a aika ba, ko waɗanda ke gidan wasu kamfanonin tantancewa kamar SGC da Beckett. Kuma masu fasa gida su sake aikawa don neman ƙarin maki suna sa a ƙirga kati ɗaya sau biyu ko uku. Ƙaramar lamba a rahoton wani lokaci ma'anarta kawai babu wanda ya damu ya aika katin.

Don sanin yawan bugu, lambar da aka hatimce a jikin kati ta fi kowane rahoto. Kati ɗaya yakan fito da launuka daban-daban: a Topps Chrome mai launin zinare 50 ake bugawa, na ruwan lemo 25, ja 5, wanda ake kira Superfractor ɗaya tilo. A Prizm na zinare 10 ne, na azurfa kuwa ba shi da lamba kwata-kwata, kuma kamfanin ba ya faɗin adadinsa. Inda aka wallafa damar samun kowane nau'i, lissafi na yiwuwa. A ƙaddara jerin yana da 'yan wasa 200, kowanne da na zinare 50: katuna 10,000 ke nan. Idan an ce ana samun ɗaya a cikin fakiti 100, to an buga fakiti kusan miliyan ɗaya. Ninka da yawan katin da ke cikin fakiti, ka raba da 200, za ka ga kimanin yawan kwafin gama-garin katin da kake shirin biya wa kuɗin tantancewa. A kula kuma: ɗan wasa guda yana iya samun launuka ashirin ko fiye a jeri ɗaya, da wasu a jeri goma daban cikin shekara, sai lambar 25 ta rage nauyi.

Katin da ya dace da PSA shi ne tsoho wanda ake yawan yin jabunsa, ko mai ƙaramar lamba na ɗan wasan da ake nema da gaske, ko wanda ko 9 ya samu farashinsa zai rufe kuɗin aiki, na aikawa, na inshora da kason dandalin sayarwa. Wannan lissafin a yi shi da farashin da aka riga aka sayar a dandalin eBay ko wajen gwanjo, ba wanda masu kaya suka rubuta suna jira ba, kuma a yi shi a kan maki 9. Idan sai da 10 kaɗai lissafin ke fita, bar katin a ledarsa ka sayar da shi haka.